Yawo da kare a jigawar Dunwich da fadamar Minsmere, mataki-mataki

Karyar ba tawa ba ce. Ta wata dattijuwa ce maƙwabciyata a Ipswich, wadda ciwon gwiwa ya hana doguwar tafiya, ni kuma na ɗauki fitar da ita ranar Asabar a matsayin haƙƙin maƙwabtaka. Na faɗi haka tun farko don na san wani zai ce, Bahaushe da yawo da kare? To a Ingila abin yakan zo ta hanyoyi da dama. Wani ɗalibi ne da ke fitar da karnukan mutane ana biyansa, wani gidan da ya sauka suna da kare, wani kuma abokin aiki ne ya gayyace shi shan iska sai ya tarar da kare a bayan mota. Ko ta yaya igiyar ta shigo hannunka, daga wannan lokacin duk abin da karen ya aikata yana wuyanka.

Wurin da zan kai ka yana gaɓar tekun gabashin Ingila, a gundumar Suffolk. Ana rubuta Dunwich amma mutanen wurin Danic suke cewa. Wuri biyu ne manne da juna. A sama akwai jigawa, ƙasa mai yashi marar taki, wadda gajerun tsirrai biyu suka mamaye: heda, mai fure ruwan hoda da shunayya daga Yuli zuwa Satumba, da wata ƙaya mai rawayan fure da ake kira gos, wadda in rana ta buge ta sai ka ji ƙamshin kwakwa. Ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi da filayen karkara, ke riƙe da ita tun 1968. A ƙasa kuma, ta kudu, fadamar Minsmere ce, mai tafkuna da dogayen ciyayin ruwa irin su kyauro, wadda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da ita tun 1947. Masu wuri biyu, ƙa'ida biyu. Yawancin kuskuren da baƙi ke yi daga nan yake tasowa.

Mataki na farko: duba wata kafin ka duba hanya

Kafin ka tambayi ina za a bi, tambayi wane wata ake ciki. Dokar shiga filayen karkara ta shekarar 2000 ta ce a irin wannan buɗaɗɗen fili, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, kare ya kasance a gajeriyar igiya da ba ta wuce mita 2 ba. Kusa da dabbobin kiwo kuwa kowane wata ne. A jigawar Dunwich masu wurin sun ƙara wa'adin har ƙarshen Agusta. Ka lura da mita 2 ɗin nan: igiyar nan mai maɓalli da ke warwarewa har mita biyar ko takwas ba ta cika sharaɗi ba sai ka kulle ta a gajarce.

Dalilin yana ƙasa, a gindin tsirran da kake wucewa. Tsuntsayen jigawa ba sa hawa bishiya su yi sheƙa. Babba a cikinsu tsohon sani ne, yautai. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san halinsa: ka matso ya tashi kaɗan ya sauka, kamar za ka kama shi da hannu, ka yi ta binsa. Wanda ke zuwa Suffolk yana yin watannin sanyi a Afirka kudu da Sahara, galibi yankin Kwango, ya iso nan a watan Mayu. Ko tsinke ba ya tarawa. Uwar takan saka ƙwai biyu a kan tsurar ƙasa, ta kwanta a kansu kwana goma sha bakwai ko sha takwas, launinta ya saje da busasshen ganye har ka kusa taka ta ba ka gani ba. Sau da yawa tana yin kwanci na biyu, shi ya sa Agusta ya shiga lissafi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ba sai kare ya kama tsuntsu ba ne ake yin ɓarna. Shekarar farko na saki karyar a wani lungu da nake ganin ba kowa. Ta kutsa cikin heda, wani tsuntsu ya tashi fir, ta dawo tana kaɗa wutsiya, bakinta babu komai. Na ce a raina ai ba ta yi laifi ba. Wani dattijo mai aikin sa-kai da ke tsaye da madubin hangen nesa ya matso, ya gaishe ni, sannan ya nuna mini hankaki biyu a kan wata bishiya. Ya ce su suke jiran uwar ta tashi. Kare ya tayar, hankaka ya sauka, ƙwai ya tafi. In ma hankaka bai gani ba, ƙwan da aka bari a buɗe yana yin sanyi. Bai ɗaga murya ba, amma kunyar da na ji ta fi ta zagi.

A gida, karen da ya iya tayar da nama daga cikin ciyawa shi mafarauci ke alfahari da shi. A nan wannan baiwar ita ce laifin. Karen bana ba shi da izinin maganin zomon bana, kuma zomaye sun cika wurin.

Ba yautai kaɗai ba ne. Akwai wata ƙaramar tsuntsuwa mai doguwar wutsiya da jan ido da ake kira da sunan garin Dartford, wadda tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 ya kusa ƙarar da ita a duk Birtaniya, har saura kimanin ma'aurata goma. Ta dawo jigawar Dunwich a shekarun 1990, kuma a cikin ƙayar gos da heda take sheƙa, dab da ƙasa. Tana cikin tsuntsayen da dokar namun daji ta 1981 ta ba kariya ta musamman: damun su a sheƙa da gangan ko da ganganci laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

In so samu ne, ni na fi son Satumba da farkon Oktoba. Furen heda bai gama bushewa ba, zafi ya ragu, 'yan hutu sun koma, tsuntsayen ƙasa sun gama renonsu.

Mataki na biyu: shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren Juma'a nake haɗa jaka.

Fara da karen kansa. Tun Afrilun 2016 wajibi ne kowane kare a Ingila ya kasance da ɗan ƙanƙanen guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fatarsa. Ban da wannan, dokar 1992 ta ce a bainar jama'a sai da abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi. In karen na wani ne, duba da idonka kafin ku fita, kuma ka karɓi lambar likitan dabbobinsa. Tambayi mai shi abu uku: yana dawowa in an kira shi? Yana bin dabbobi? Yana faɗa da 'yan'uwansa karnuka? Masu kare sukan sassauta amsa, don haka in ya ce "yawanci yana dawowa", ka ɗauka ba ya dawowa.

A jaka: gajeriyar igiya mai ƙarfi, ledojin kwashe kashi fiye da yadda kake tsammanin buƙata, ruwa isasshe na ku biyu, 'yar ƙugiyar cire kaska da ake sayarwa a shagon kayan dabbobi, tsohon tawul, da ɗan abin lasawa na lallashi. Ka ware wa karen kwanonsa dabam. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san kare mai rai ba najasa ba ne, amma mazubin da ya sa baki a ciki ana wanke shi sau bakwai, to gara kowa da nasa. Ni nakan riƙe wata gora ta alwala a aljihun jaka na gefe, nesa da kayansa.

Takalmi ya kasance mai rufe idon sawu, wando dogo. Dalili yana tafe.

Mataki na uku: zuwa wurin

Da mota, ka bi babbar hanyar A12, ka ratse wajen Yoxford, ka ratsa ƙauyen Westleton, sai alamun Dunwich Heath su ɗauke ka. Hanyar tana ƙarewa a wurin ajiye motoci kusa da wasu fararen gidaje a jere a bakin gaɓa, tsofaffin gidajen masu gadin teku, inda yanzu ake sayar da shayi. Mambobin National Trust ba sa biyan kuɗin ajiye mota, sauran mutane suna biya.

Da jirgin ƙasa, tashar da ta fi kusa ita ce Darsham, a layin Ipswich zuwa Lowestoft. Daga Landan ana tashi a Liverpool Street a sauya a Ipswich. Kare yana shiga jirgi kyauta, har biyu ga fasinja ɗaya, muddin yana igiya kuma bai hau kujera ba. Matsalar ita ce daga Darsham zuwa gaɓa akwai tafiyar kilomitoci, kuma tashar ƙauye ce. Yi odar tasi tun kafin ka baro gida, ka gaya musu akwai kare, don ba kowane direba ke yarda ba.

Mataki na huɗu: koyi karanta alamu

A Ingila akwai hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi ko da filin na wani ne. Kibiya rawaya a jikin gungume tana nufin hanyar ƙafa. Kibiya shuɗiya tana nufin masu doki da masu keke ma suna bi, sai ka sa ido. A taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, mai jan-lemon bango, koren ɗigo-ɗigo ne ke nuna su. Sauke taswirar a waya tun a gida, don sabis yakan ɗauke a wasu lungunan.

Ga inda wannan ya shafe ka. A cikin gandun Minsmere, hanyoyin da RSPB ta shimfiɗa zuwa rumfunan leƙen tsuntsaye ba a shiga da kare, sai karen da ke yi wa makaho ko mai wata lalura jagora. Amma hanyoyin jama'a da suka zagaye gandun, waɗannan kana da haƙƙin binsu da karenka. Wato fadamar za ka kewaye ta ne, ba za ka ratsa tsakiyarta ba. Kada ka ga kamar an rage maka wani abu. Rabin abin da masu tikitin shiga gandun ke gani, daga gefen ma ana ganinsa.

Mataki na biyar: gajeriyar tafiya a kan jigawa

In karon farko ne, ko karen tsoho ne, tsaya a sama. Daga fararen gidajen akwai hanyoyi masu alamun launi da ke zagaya jigawar su dawo da kai inda ka fara, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Akwai kuma wadda aka ware musamman don karnuka, mai suna Woof Walk, inda ake barin kare ya sake. Allon da ke wurin ajiye motoci yana nuna ta. Shawarata ita ce ka fara da ita: karen da ya zubar da ƙarfinsa na minti ashirin ya fi sauƙin riƙewa a sauran tafiyar.

A kan jigawar kanta, ƙafarka da tasa su tsaya a kan hanya. Ka riƙe shi ta ɓangaren da ya fi nisa da ciyayi in hanyar tana da faɗi. Kuma ka yi nesa da bakin gaɓa. Ba dutse ba ce, yashi ne da tsakuwa, teku na cin gindinta kullum. Wannan tekun ya riga ya cinye gari guda. A ƙarni na 13 Dunwich tana cikin manyan tashoshin jiragen ruwan Ingila. Guguwar 1286 da ta 1287 suka toshe tashar, ruwa ya yi ta ɗibar unguwanni, har cocin All Saints ta gangara ƙasa kaɗan-kaɗan tsakanin 1904 da 1919. Yau ƙauye ne da mutanensa ba su kai 200 ba. Kare da ya bi zomo zuwa bakin nan ba ya duba ƙasa.

Mataki na shida: babban zagaye

Wannan ita ce tafiyar da nake zuwa dominta. Kilomita 8 zuwa 9 ce, awa biyu da rabi zuwa uku in ba a gaggawa.

Daga fararen gidajen ka gangara bakin teku ka fuskanci kudu. Teku na hagunka, fadama na damanka a bayan tudun rairayi, a gabanka kuma can nesa farar ƙubba kamar rabin ƙwai, tashar nukiliya ta Sizewell B. Ita ce alƙiblar tafiyarka a wannan zangon. Za ka wuce jerin manyan tubalan kankare da aka zuba a Yaƙin Duniya na Biyu don tare tankokin Jamus. Shi wannan yaƙin ne ma ya haifi fadamar yadda take a yau. Da can gonakin kiwo ne da aka tsane wa ruwa, sai aka sake su da gangan ruwa ya malale su don hana abokan gaba sauka. Ciyayin ruwa suka dawo, tsuntsaye suka biyo. A 1947 abosat, farin tsuntsu mai baƙin zane da baki siriri mai lanƙwasa sama, ya yi ƙwai a nan bayan kusan shekara ɗari ba ya haihuwa a Birtaniya. Shi ne a tambarin RSPB.

Bakin teku yana ruɗin mutum ya saki kare, kuma a ɓangaren Dunwich ana yarda da haka. Amma da ka shiga gefen Minsmere a watannin kwanci, mayar da shi igiya. Akwai tsuntsayen da ke ƙwai a kan tsakuwa, ƙwan kuma da tsakuwar ba ka bambance su. In ka ga an zagaye wani wuri da igiya ko waya, ba ado ba ne. Haka kuma kada ka bari ya taɓa mushen tsuntsu, don murar tsuntsaye ta yi ɓarna a wannan gaɓar cikin 'yan shekarun nan. Kada ya sha ruwan teku, gudawa da amai yake sawa.

Bayan kamar kilomita biyu za ka iso ƙofar ruwa, wani ginin bulo inda magudanun fadamar ke haɗuwa su fita teku. Nan za ka juya dama, ka ba teku baya, ka bi hanyar ƙafa zuwa ƙauyen Eastbridge. A hagunka, a kan ɗan tudu, akwai kangon wani ƙaramin ɗakin ibada. A wurin aka fara kafa gidan 'yan zuhudu na Leiston a 1182, ambaliya ta dame su har suka tashi a 1363. Sojoji kuma suka zo daga baya suka gina ramin tsaro na kankare a cikin kangon.

Wannan zangon ne ya fi kowanne arziki, kuma shi ne ya fi buƙatar haƙuri. Ka rage sauri. Shahon fadama yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyayi, fukafukansa a ɗage kaɗan. A 1971 ma'aurata ɗaya tak suka rage a duk Birtaniya, kuma a nan Minsmere suke. In Afrilu ne ko Mayu, ka kasa kunne ga wata ƙara mai zurfi kamar ana hura bakin tulu. Wani ɗan'uwan zalɓe ne mai launin busasshiyar ciyawa, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. A 1997 maza goma sha ɗaya kawai aka ji suna wannan kukan a faɗin ƙasar. Karyar maƙwabciyata takan tsaya cak in ta ji shi, ta karkata kai, ta dube ni kamar ni zan yi mata bayani.

Hanyar nan takan yi taɓo sosai daga Nuwamba zuwa Maris, wani lokaci ruwa ya rufe ta. In ka ga haka, juya ka koma ta bakin teku, babu abin kunya.

A Eastbridge za ka fito kan kwalta kusa da Eel's Foot, tsohuwar mashaya da masauki. Juya dama, ka bi siririyar hanyar mota zuwa arewa, ka haye gada. Motoci na bi, babu gefen masu ƙafa, don haka karen ya kasance dab da ƙafarka, kai kuma ka bi gefen da kake fuskantar motocin da ke tahowa. Inda kwaltar ta karkata dama zuwa gandun, kai ka miƙe ka bi hanyar doki mai shuɗiyar kibiya ta cikin kurmi. Za ta kai ka har jigawa, daga nan fararen gidajen za su bayyana.

In kun haɗu da dabbobi

A fadamar ana kiwon shanu da wasu gajerun dawakai masu launin toka da ake kira konik, 'yan asalin Folan, waɗanda aikinsu cin ciyawa ne don kada wurin ya cushe. Kada ka ba su komai, kada ka ratsa tsakiyar garke, kada ka shiga tsakanin saniya da maraƙinta. Ka zagaya da nisa, karen a gajeriyar igiya. Amma ga abin da ya saɓa wa hankali: in shanu suka taso muku da gaske, saki igiyar. Karen suke bi, kuma ya fi ka gudu. Mutanen da shanu suka tattake a Ingila, da yawansu suna ƙoƙarin kare karensu ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma, doka tana kare manomin da ya harbe karen da ke kai wa dabbobinsa hari in babu wata hanyar tsayar da shi.

Akwai kuma manyan jajayen bareyi a kurmin da jigawar Westleton. A Oktoba mazan ke faɗan mata, kuma ba lokacin wasa da su ba ne.

Maciji, kaska, ruwa da zafi

Maciji mai dafi iri ɗaya ne a Birtaniya, ɗan dangin kububuwa, mai zanen baƙin zigzag a gadon baya, tsawonsa kimanin santimita 60. Jigawa ce gidansa. Yana fitowa shan hantsi daga ƙarshen Fabrairu har Oktoba. Ba ya neman faɗa, karen da ya cusa hanci cikin ciyawa ne ke jawo sara, galibi a fuska ko ƙafa. Hannunka zai kai ga sanda, haka aka rene mu. Ajiye ta. Kashe shi laifi ne a ƙarƙashin dokar 1981. In ya sari karen, ɗauke shi in za ka iya don kada tafiya ta yaɗa dafin, kada ka ɗaure wurin, kada ka tsaga, kada ka tsotsa. Kira likitan dabbobi kana hanya. Yawancin karnuka suna warkewa in an kai su da wuri. In kai ya sara, asibiti kai tsaye.

Kaska tana nan saboda bareyi, kuma ta nan ƙarama ce, wata kamar ƙwayar riɗi. Tana iya ɗauke da cutar Lyme, wadda ke kama mutum da kare. Kada ka ɗiga mata kananzir ko mai, kada ka ƙona ta da ashana, hakan na sa ta amayar da abin cikinta a jiki. Zura ƙugiyar a ƙarƙashinta dab da fata, ka murɗa a hankali har ta saki. In bayan kwanaki ko makonni ka ga jan zobe yana faɗaɗa a fatarka, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, je wurin likita ka ce kaska ta cije ka.

Magudanun fadama suna kiran kare, musamman da zafi. Hana shi. Ta ɓangarensa, ruwan da ke tsaye yakan yi wata gansakuka mai launin kore da shuɗi kamar an zuba fenti, wadda gubarta ke iya kashe kare cikin awanni. Ta ɓangaren fadamar kuma, maganin ƙuma da ake ɗigawa a ƙeyar karnuka yana wankewa cikin ruwa ya kashe ƙwarin da kifi da tsuntsaye ke ci.

Zafin Ingila abin dariya ne ga wanda ya san Afrilun Sakkwato, amma ba ga kare mai gashi ba. Ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, jigawa kuma ba inuwa. A Yuli da Agusta ku fita da sassafe. Ɗora bayan hannunka a kan yashi, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. In ya fara haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na zuba, yana tangaɗi, kai shi inuwa, ka zuba masa ruwa mai sanyi, ka nemi likita. Kada ka bar shi a mota ko na minti biyar. Kuma babu hura wuta, babu gashin nama, babu yar da guntun sigari: busasshiyar ƙayar gos kamar fetur take. In ka ga hayaƙi, kira lambar gaggawa, 999.

Maganar kashi

Na san wannan ne ya fi yi wa Bahaushe nauyi, babba da shi ya sunkuya ya kwashe kashin kare. Ni ma sai da na yi ta fama da raina. Sa hannu cikin ledar kamar safa, ka ɗauka, ka juya ledar, ka ƙulle. Tarar nan take tana kaiwa fam 100, in ta je kotu har fam 1,000. Amma a jigawa dalilin ya wuce tara. Heda tana rayuwa ne saboda ƙasar ba ta da taki. Ɗaruruwan shekaru na kiwon tumaki da yankan ciyawa ne suka talauta ta, kuma talaucin nan shi ne arzikinta. Kashin kare taki ne mai ƙarfi. Inda ya taru, ciyawa da ƙaiƙayi suke tasowa su shaƙe hedar, shi ya sa za ka ga gefen hanya kusa da wurin motoci ya fi ko'ina kore. Birtaniya ta riga ta rasa kusan kashi 80 cikin ɗari na irin wannan jigawa tun daga 1800.

A babban zagayen kwandunan shara sun yi nisa da juna, za ka ɗauki ledar na tsawon lokaci. Ni ina da wani tsohon gwangwani mai murfi don wannan. Masu rataye leda a reshe da niyyar ɗauka a dawowa, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Kafin ku shiga mota

Ba shi ruwa. Goge shi da tawul, sannan ka bi jikinsa da yatsu: bayan kunne, ƙarƙashin abin wuya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa. Kaska kake nema, da ƙayar gos, da tsinin ciyawa da ke shiga fata. Duba naka ƙafafun da bayan gwiwa, in ka isa gida ka sake dubawa. In karen na wani ne, gaya wa mai shi duk abin da ya faru, ko da ɗan ɗingishi ne.

In kuwa Yuni ne ko farkon Yuli, kuma iska ta kwanta, kada ka yi saurin tafiya. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Yi Magariba a gefen mota, ka ɗauki tocila da maganin sauro, ka koma bakin jigawa inda ta haɗu da bishiyoyi, karen a zaune a gefenka, igiya a naɗe a hannu. Da duhu ya fara shiga za ka ji wata ƙara doguwa marar yankewa, kamar keken ɗinki a ɗaki na nesa, tana hawa tana sauka. Namijin yautai ne. Wani lokaci yakan taso ya zagaya kanka yana tafa fukafukai, fararen ɗigon da ke jikinsu suna walƙiya. Kafin ka zauna, duba allon ƙofa ka san lokacin da ake rufe wurin ajiye motoci.